Shekarar Da Babanku Yake Hira Da Buta

Ummi, ke da Khalifa, na fara rubuta muku wannan tun kuna ƙanana ne saboda na san wata rana wani zai tare ku a gidan biki ko gidan suna, ya ce muku babanku ya taɓa samun taɓin hankali, kuma uwarku ce ta kai ƙararsa. Rabin farko ƙarya ne. Rabin ƙarshe gaskiya ne, kuma gara ku ji shi daga bakina. A aji huɗu na tsaya da boko, rubutuna ba wani mai kyau ba ne, amma abin da idona ya gani a shekarar nan ban manta ko ɗaya ba.

Sai na fara da kawunku, Yaya Hamisu, wanda kuke gani a zaune gindin dalbejiya idan mun je garinmu Buji, ba ya ce wa kowa komai. Ba haka aka haife shi ba. Ina da shekara goma sha ɗaya na je ɗibar ƙaiƙayi, na same shi a bayan rumbu yana magana shi kaɗai, yana nuni da hannu. Na ruga na gaya wa mahaifiyarmu. Kafin sati ya zagayo aka ɗaure hannuwansa da rawani, aka kai shi gidan wani malami can gaba da garinmu, inda ake sa wa mutane mari a ƙafa. Yana ta cewa lafiyarsa ƙalau, ana cewa ai duk haka suke faɗa. Shekara ɗaya da rabi ya yi. Ya dawo da tabo a idon sawunsa biyu, kuma tun daga nan maganarsa ta ƙare, da mutane da ma shi kaɗai ɗin.

A shekarar da nake ba ku labari muna zaune a unguwar Takur cikin Dutse, a gidan haya, ɗakinmu ne na ƙurya kusa da rijiya. Ke Ummi kina da shekara uku, Khalifa kuma yana ciki. Babanku yana aiki a wani shagon buga takardu daga safe zuwa azahar, kuma a nan ya samo wata tsohuwar kwamfuta mai ninkewa, ya fara koyon yadda ake haɗa gem, irin wasan nan da ake yi a waya. A bidiyo yake koyo, da wani zaure na waya inda masu koyo irinsa suke tura wa juna murya. Wata biyu kacal da farawa ya shigo da manyan takardu ya lilliƙa a bangon ɗaki, ya ce in zo in ga abin da zai gina. Jigawa ce gaba ɗaya. Duwatsun Dutse, kasuwanni, kogi, mutum dubu kowa da sunansa da sana'arsa. Ka shiga ka yi noma, ka yi fatauci, har aure ka yi a ciki. Ina tsinkar zogale na ji ya kunna muryar wani daga zauren nasu, mutum mai magana a hankali kamar mai ba da magani.

“Ɗan'uwa, burinka yana da kyau, amma don Allah ka ajiye shi tukuna. Ka fara da ƙwallo ɗaya tana bugun bango tana dawowa. Ka gama ta tsaf, sannan ka ƙara.”

Babanku ya yi dariya ya kashe.

“Rabi, kin ji mutanenmu ko? Ƙwallo! Shi ya sa ba ma ci gaba.”

Ni ma na yi dariya, don na ga yana murna.

Wata tara ya yi a kan abin nan. Ya daina zuwa majalisa bayan la'asar. In ajiye masa abinci in dawo in tarar ƙuda ne ke ci. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa, idanunsa suka faɗa. Wani lokaci idan na kawo ruwa sai in leƙa, kuma abin da nake gani a gilashin kwamfutar ba ya barina da kwanciyar rai. Wani mutum ne mara fuska, ya shanya hannuwa gefe da gefe, yana tsaye a fili. Sai kawai ƙasa ta haɗiye shi, ya yi ta faɗawa cikin duhu, yana ƙanƙancewa, ba ya isa ko'ina. Babanku ya gyara ƙasar, sai mutumin ya ratsa bango kamar hayaƙi. Ya gyara bangon, sai kansa ya juya baya, ƙafafunsa na tafiya gaba. Ya ce min idan ya toshe wuri ɗaya, uku ne ke ɓallewa, kuma rubutun ya yi yawan da shi kansa bai san inda ya sa wani abin ba. Ni dai a'uzubillahi nake yi in dafe cikina in fita.

Ranar da abin ya kai ni bango, wata Laraba ce bayan la'asar. Na ji yana magana a ɗaki, na ɗauka waya yake yi. Na ɗaga labule, sai na ga wayar tana kan katifa. Ya ɗauko shuɗiyar butarmu ya ɗora ta a kan kujera 'yar tsugune, bakinta na kallonsa, yana nuna mata gilashin da yatsa.

“Kin ga, a nan na ce masa idan ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya tsaya. Kin ji ko? To, a nan kuma na ce... tsaya, tsaya. Af! Ashe sau biyu na faɗa! Kai, kin gama min komai.”

Ya ƙyalƙyale da dariya, irin wadda ya yi wata da watanni bai yi da ni ba, ya shafa kan butar.

Na zauna a bakin rijiya, ba abin da nake gani sai bayan rumbu. Ku sani ban tambaye shi ba. Wannan shi ne laifina, ba zan ɓoye muku ba. Na ji tsoron idan na tambaya, ba muryarsa ce za ta amsa min ba. Kwana goma sha biyu ina laɓewa ina saurare, kullum sai sun yi hira, kullum da “kin ji” da “kin gani”. Na sauya butar da wata ja, ya ci gaba da ja ɗin. Rana ta goma sha uku na goya ki, Ummi, na hau adaidaita zuwa Limawa, gidan kakanku Malam mai makarantar allo, mahaifin babanku. Na sami kakarku Inna a madafi na gaya mata. Ta ajiye muciya.

“Wace butar? Wadda ake shiga banɗaki da ita?”

“Ita, Inna.”

“Kuma mace yake kira? Innalillahi. Aljana ta aure shi ke nan. Ke kuma ga ciki.”

Ni a zatona rubutu za a ba ni in zuba masa a kunu, ko turare in riƙa yi a ɗaki. Ranar Litinin Inna ta kira ni a waya, tana magana ƙasa-ƙasa. Ta ce Baffa Sale, ƙanen Malam, ya ɗauki maganar a hannunsa. Ranar Juma'a bayan an sauko za su zo da mota, akwai wani malami can gaba da Buji wanda ya san aikin irin wannan. Ta ce kada in kuskura in gaya masa, kada ya gudu. Ban bari ta faɗi sunan ƙauyen ba, na riga na sani. Wayar ta zame daga hannuna ta faɗa cikin gero.

Da ya dawo daga shago na durƙusa a gabansa na faɗa masa komai. Bai yi tsawa ba, kuma da ya yi da ya fi min sauƙi. Ya daɗe yana kallona.

“Rabi, ni kika kai ƙara? Buta ce fa. Roba ce. Masu wannan aikin ne suka ce idan ka rasa inda kuskure yake, ka samu wani abu ka yi masa bayani da baki, layi bayan layi, kunnenka zai kama abin da idonka ya tsallake. Me ya hana ki tambaye ni?”

“Tsoro, Abban Ummi.”

“To shi ke nan. Su zo, zan yi musu bayani.”

Na ce masa Yaya Hamisu ma ya yi bayani. Na ce duk wanda za a kai gidan nan cewa yake lafiyarsa ƙalau, kuma yawan bayaninsa shi ne hujjarsu. Ya ce to zai tafi Kano ya kwana biyu. Na ce idan ya gudu ya tabbatar musu, kuma duk ranar da ya dawo motar tana nan. Na ce abu ɗaya ne zai fitar da shi, ya nuna musu aikin da ya yi da hankalinsa. Ya buɗe kwamfutar. Mutumin nan mara fuska ya tsaya, ya shanya hannu, ƙasa ta haɗiye shi. Muka zuba masa ido yana ta faɗawa.

“Idan Baffa ya ga wannan,” na ce, “da hannunsa zai ɗaure ka.”

Ana haka na ji motsi a tsakar gida. Akuyar maƙwabciyarmu ce ta sa kai a geron da na shanya a tabarma. Na fita da gudu da cikina ina “Ke! Fita!” Ta yi tsalle ta koma gefe, ta tsaya tana jiran in juya baya. Da na dawo ɗaki ina haki, sai muryar mutumin nan mai maganar ƙwallo ta dawo min, wata tara bayan na ji ta.

“Ka yi wannan,” na ce. “Tabarma ɗaya, akuya ɗaya. Ta zo, a kore ta.”

“Wata tara ina gina ƙasa, ki ce in yi akuya?”

“Ƙasar taka ba ta riƙe ko mutum ɗaya ba.”

Ban taɓa gaya masa magana irin wannan ba, kafin nan ko bayan nan. Ranar bai ci abincina ba. Amma washegari da safe na ga ya aika shago cewa ba zai fito ba, ya buɗe sabon shafi fari tas, ya zana wani rawayen abu mai kusurwa huɗu ya ce tabarma ce, da wani jan dunƙule ya ce akuya. Na kwashe butocin gidan duka na kai ɗakin maƙwabciya. Haka ya yi ta aiki bakinsa a rufe, yana cizon leɓe, wani lokaci ya waiga inda kujerar take sai ya tuna. Talata akuyar ta ratsa tabarmar ta wuce ba ta dawo ba. Laraba ta koyi tsayawa ta ci, geron yana raguwa, idan an taɓa ta da yatsa ta gudu. Ya yi mata ƙafafu da kunnuwa. Nan fa ciwonsa ya motsa, ya ce zai ƙara kaji, da shirwa, da hadari mai tasowa, da maƙwabciya mai fitowa faɗa. Na riƙe gefen rigarsa.

“Don girman Allah, akuya ɗaya. Jibi Juma'a.”

Alhamis ya sa rana tana tafiya a sama daga wannan gefe zuwa wancan, idan ta faɗi shanya ta bushe, wasa ya ƙare. Ya sa ni na yi “Ke! Fita!” a bakin waya ya saka a ciki. Rubutun duka bai fi shafi ɗaya ba. Ya ce wannan ne karo na farko da ya san aikin kowane layi da ya rubuta. Ya faɗa ne yana kallon bango, don har lokacin ba ya haɗa ido da ni.

Juma'a bayan an sauko motar ta tsaya a ƙofar gida. Na leƙa ta zaure na ga ƙarti biyu a kujerar baya, ɗaya yana shan rake yana tofar da ɓawon ta taga. Malam ya shigo, Inna na binsa, sai Baffa Sale. A kafaɗar Baffa akwai farin rawani a ninke, shi kuwa ban taɓa ganinsa da naɗi ba. Na san aikin rawanin nan. Na jingina da bango. Babanku ya durƙusa ya gaishe su ɗaya bayan ɗaya, muryarsa na rawa, kuma na ga Baffa ya lura da rawar.

“Sadiƙu,” in ji Malam, “an ce ka samu abokiyar hira.”

“Allah ya gafarta Malam, aiki nake koyo. Ga abin da na yi.”

Ya miƙa wayar da hannu biyu. Malam bai karɓa ba. Baffa ya ce, “Yaya Malam, kada mu tsaya jan zance, hanyar ba ta da kyau.” Inna ce ta karɓa, ina jin don ta ƙara minti ɗaya da ɗanta ne. Akuyar ta shigo ta sa kai a gero. Babanku ya ce ta taɓa ta. Ta taɓa, sai muryata ta fashe daga cikin wayar: “Ke! Fita!” Inna ta saki wayar a cinyarta.

“La'ilaha illallahu! Rabi, ga ki a tsaye, ya aka yi kika shiga ciki?”

“Kun gani ko?” in ji Baffa. “Har muryar matarsa ta ara.” Ya sauke rawanin daga kafaɗa.

Ni na ce a yi akuya, ni na ba da muryata, ga shi na sake tura shi rami da hannuna. Malam ya ɗaga hannu, Baffa ya dakata. Malam ya ɗauki wayar ya nisanta ta da idonsa yana dubawa har rana ta faɗi a ciki, wasa ya tsaya.

“Abin yana da farko yana da ƙarshe,” ya ce. “To, Sadiƙu, ina so in san kai ke juya ta ko ita ke juya ka. Mai da akuyar nan baƙa.”

Babanku ya jawo kwamfutar, ya goge kalma ɗaya ya rubuta wata. Akuya ta shigo baƙa wuluk. Inna ta ce, “Ikon Allah.”

“Ta dama take shigowa. Sa ta shigo ta hagu,” in ji Malam.

Ya rubuta, ya danna. Tabarma ta fito, rana ta fito, akuya ba ta fito ba. Muka jira. Ya sake dannawa, shiru. Zufa ta keto masa. Idonsa na gudu a kan rubutun sama da ƙasa ba ya ganin komai, leɓensa na motsi yana danne su, don ya san abin da zai faru idan ya yi magana shi kaɗai. Na ga ya waiga inda kujerar take. Baffa ya miƙe tsaye ya leƙa waje wajen motar.

Ban san lokacin da na jawo kujerar nan na zauna a gabansa ba, a gaban surukaina, ni da ko ido ba na ɗagawa idan Malam na wuri.

“Gaya min,” na ce. “Ina ji.”

Ya kalle ni, karo na farko tun Litinin. Ya sa yatsa a layin farko.

“Kin ga, a nan na ce ta fara daga hagu, a wajen fili. Kin ji ko?”

“Na ji.”

“A nan kuma na ce ta riƙa takowa. Kowane taku ta matsa zuwa hagu, har ta... af! Tana hagu kuma na ce ta tafi hagu. Ai daji ta nufa!”

Ya sauya alama ɗaya. Baƙar akuya ta leƙo ta hagu, ta tako abinta, ta sa kai a gero. Inna ta kai mata yatsa da ƙarfi tana cewa, “Ja'ira, ina kika tsaya?”

Malam ya gyara zama. Sannan ya ce wa Baffa, ai wannan biya karatu ne, ko yau da safe sai da ya sa wani ɗalibi ya ɗaga murya don ya ji inda ya tsallake aya. Ya juya kan takardun bango ya tambayi mene ne su. Babanku ya sunkuyar da kai ya faɗa masa, da mutum dubu da kogi da wata tara.

“A gidana ka tashi,” in ji Malam. “Wa ka taɓa gani na rubuta wa Baƙara ranar da ya fara riƙe allo? Sale, sallami mutanen nan. Ka kuma naɗa rawanin ko ka mayar wa mai shi.”

Kada ku ɗauka daga nan komai ya koma daidai. Wata biyu babanku ba ya ce min sai abin da ya zama dole. Sunan “mai buta” ya bi shi har muka tashi daga gidan, kuma har yau Baffa Sale yana cewa lafawa kawai ta yi. Bayan akuya ya yi na kaji, bayan kaji ya yi dara, kowanne sai ya gama kafin ya taɓa wani. Takardun Jigawa suna saman durowa a naɗe, yana cewa da sauran lokaci. Idan aiki ya cije masa yanzu ni yake kira, in zauna da tsinkar zogalena ina cewa “na ji”, alhali ko rabi ba na ganewa. Har yau idan na ji murya a ɗaki gabana sai ya faɗi, amma ina ɗaga labule in tambaya.

Da na haifi Khalifa na je Buji wanka. Wata rana da hantsi na ɗauki jariri na je gindin dalbejiya na zauna kusa da Yaya Hamisu. Ban sani ba, wataƙila shi ciwon gaske ne ya same shi, Allah ne masani. Na daɗe ina kallon tabon ƙafarsa kafin bakina ya buɗe.

“Yaya, ranar nan a bayan rumbu, da wa kake magana?”

Ya juyo a hankali, ya kalle ni, ya kalli Khalifa. Leɓensa ya yi ta motsi kamar mai neman abu a aljihu. Na jira, ban katse shi ba.

“Na manta, Rabi,” ya ce.